Lodin Kaya: Darasin Da Sikelin Jirgin Sama Ke Koya Wa 'Yan Kasuwa

Tun daga watan Mayun shekarar 2024 da aka buɗe sabon ginin filin jirgin saman Kumasi, wanda aka raɗa wa sunan Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya, da dama daga cikin 'yan kasuwarmu na Bantama da Kwadaso da Aboabo da sauran zangunan wannan birni sun gwammace su hau jirgi zuwa Ankara maimakon su ɓata yini guda a kan hanya. Sai dai kuma akwai wani ƙorafi da muke yawan ji daga bakinsu a kasuwa da tashar mota, cewa ma'aikatan filin jirgi sun cika ƙaƙale, domin sai an ɗora kowace jaka a kan sikeli, in ta haura da kilo biyu ko uku a ce sai an rage ko a biya, wani lokacin ma bayan mutum ya zauna a ce masa ya tashi ya koma wata kujera. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin wulaƙanci, wasu kuma na ganin dabarar tatsar kuɗi ce kawai.

A ra'ayin wannan jarida, wannan awo shi ne abin da ke tsakanin fasinja da halaka, kuma maimakon mu yi ta kuka da shi, kamata ya yi mu fahimci yadda ake yin sa, sannan mu ɗauko shi mu kawo shi tashoshinmu na Paga da Bawku da Hamile da Aflao, inda ake loda wa manyan motoci kaya da ido kawai.

Kowane jirgin sama, komai ƙanƙantarsa, kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta iyakar nauyin da zai iya tashi da shi. Bari mu ɗauki misali da ɗan ƙaramin jirgin nan mai kujera huɗu da ake kira Cessna 172S, wanda makarantun koyon tuƙin jirgi a ƙasashe da dama ke amfani da shi. Iyakar nauyinsa a lokacin tashi kilo 1,157 ne. Shi kansa jirgin, ba mai, ba mutum, yana kaiwa kimanin kilo 760. Ke nan abin da ya rage kusan kilo 400 ne. Idan aka cika masa tanki da lita 200, to man kaɗai ya cinye kilo 144, domin kowace lita ta man irin wannan jirgi tana da nauyin kilo 0.72. Saura kilo 253. A cire matuƙi mai kilo 80, a cire fasinja biyu masu kilo 75 kowannensu, abin da zai rage na kaya bai wuce kilo 23 ba. Wato jirgi mai kujera huɗu, amma in tankinsa cike yake, mutum uku da jaka ɗaya kaɗai zai ɗauka. Wanda duk ya dage sai an cika kujera ta huɗu, to sai an rage mai, in kuma an rage mai, an rage nisan tafiya.

Wannan rabin lissafin ke nan. Rabi na biyu, wanda ya fi haɗari saboda ido ba ya ganin sa, shi ne wurin da aka ajiye kayan. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa jaki mangala ya san cewa in ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya, kaya ba za su kai kasuwa ba. Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Gwanja zuwa Kano, ta Salaga da Yendi, sai madugu ya tabbata an daidaita kayan kowace dabba kafin ayari ya tashi. Jirgin sama ma haka yake, illa dai nasa rinjayen tsakanin goshi da jela ne. Akwai wani wuri a jikin jirgi inda nauyinsa duka ke haɗuwa, kamar inda mutum zai ɗora sanda a kan yatsa ta tsaya ba ta karkata ba. Shi ne masana ke kira cibiyar nauyi, kuma dole ne ya faɗo a cikin iyakar da kamfani ya shata.

Yadda ake gano shi ba wani abu ne mai wuya ba ga wanda ya saba da lissafin kasuwa. Ana ɗaukar nauyin kowane abu a ninka shi da nisansa daga wani wuri da aka tsayar a gaban jirgi, sannan a tara sakamakon duka a raba da jimillar nauyi. A wannan jirgi da muke misali da shi, kujerun gaba suna nisan mita 0.94 daga wurin da ake fara awo, tankin mai mita 1.22, kujerun baya mita 1.85, ma'ajiyar kaya kuma mita 2.41. Saboda haka buhu mai kilo 50 in aka ajiye shi a kujerar gaba lissafinsa 47 ne, amma in aka kai shi ma'ajiyar baya sai ya zama 120. Buhun bai ƙara ko kilo ɗaya ba, amma lissafinsa ya ninka sau biyu da rabi.

Idan muka ɗauka cibiyar jirgin da babu kowa a ciki tana mita 1.02, muka zaunar da fasinjojin nan biyu a baya, muka sa jaka mai kilo 20 a ma'ajiya, jimillar nauyi za ta zama kilo 1,154, cibiyar nauyi kuma ta faɗo a mita 1.17. Iyakar da kamfani ya yarda da ita ta baya mita 1.20 ce, don haka jirgi zai tashi lafiya. To amma a ce wani ya lallaɓa ya cusa ƙarin buhu mai kilo 60 a baya ba tare da matuƙi ya sani ba. Nan take nauyi ya koma kilo 1,214, ya haura iyaka da kilo 57, cibiya kuma ta zame zuwa mita 1.23, ta fita daga iyaka. Buhu ɗaya ya karya doka biyu. Ya kamata mai karatu ya lura cewa idan jirgin ya cika nauyinsa, tazarar da ke tsakanin iyakar gaba da ta baya santimita 16 ce kacal, ko taƙi ɗaya ba ta kai ba.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk matuƙi. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima yana buƙatar titi mai tsawo kafin ya ɗaga, in ya ɗaga ma da ƙyar yake hawa, kuma abin ya fi muni a lokacin zafi, domin iska mai zafi ba ta da kauri, fukafukai da inji duk ƙarfinsu raguwa yake yi. In nauyi ya taru a gaba, matuƙi zai ja sitiyari goshin jirgi ya ƙi ɗagowa har titi ya ƙare. In kuma ya taru a baya, da zarar an bar ƙasa sai goshi ya miƙe sama, matuƙi ya danna ya ƙi dawowa, gudu ya ragu, fukafukai su saki iska, jirgi ya rikito. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ce wa fasinja ya sake kujera idan jirgi bai cika ba.

Duk wanda ke ganin zance ne na takarda, to ya tuna da abin da ya faru a Kwatano ta Jamhuriyar Benin ranar 25 ga Disambar 2003. Wani jirgi ƙirar Boeing 727 na wani kamfanin ƙasar Gini, da ya taso daga Konakiri zai nufi Beirut, ya kasa ɗagawa yadda ya kamata, ya daki wani gini a ƙarshen titi, ya tarwatse a bakin teku. Kimanin mutum 140 suka rasu, akasarinsu 'yan Lebanon mazauna Afirka ta Yamma da ke komawa gida da kayansu. Masu binciken haɗarin jirage na ƙasar Faransa da suka gudanar da binciken sun gano cewa nauyin jirgin ya haura abin da matuƙan suka lissafa da tan da dama, an kuma cusa kaya a ma'ajiyar gaba ba tare da sahihin awo ba, ta yadda cibiyar nauyi ta matsa gaba alhali matuƙan ba su sani ba.

Mu a nan Ghana ma muna da namu abin tunawa. Ranar 14 ga Oktoban 2004, wani jirgin dakon kaya ƙirar Boeing 747 na kamfanin MK Airlines, mai rajistar Ghana, ya faɗi yana ƙoƙarin tashi daga Halifax ta ƙasar Kanada, ma'aikatansa 7 duka suka rasu. Binciken hukumomin Kanada ya nuna cewa an yi lissafin gudun tashi da ƙarfin inji ne da nauyin da jirgin yake da shi a zangon da ya gabata, alhali a Halifax ya ƙaru da fiye da tan 100, kuma gajiyar ma'aikatan ta taimaka wajen wannan kuskure. Haka nan a Amurka, ranar 8 ga Janairun 2003, wani ƙaramin jirgin fasinja ya faɗi a birnin Charlotte da mutum 21, inda aka gano cewa baya ga gyaran da aka yi wa jelarsa ba daidai ba, nauyi ya yi yawa kuma ya taru a baya, saboda kamfanin ƙiyasta nauyin fasinjoji yake yi da tsofaffin alƙaluma. Bayan wannan haɗari ne hukumar jiragen sama ta Amurka ta ɗaga adadin nauyin da ake ƙiyasta wa kowane fasinja. Matasanmu kuma ba za su manta da mawaƙiyar nan Aaliyah ba, wadda ta rasu tare da mutum 8 ranar 25 ga Agustan 2001 a tsibiran Bahamas, a cikin wani ɗan ƙaramin jirgi da aka gano an ɗora masa fiye da kilo 300 a kan iyakarsa.

Masu iya magana na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Amma gaskiyar magana ita ce, mafi yawan masu karanta wannan shafi ba jirgin sama ne ke ɗaukar dukiyarsu ba, tirela ce da gingimari da ƙananan motocin haya, a cikin gari kuma babur mai ƙafa uku da mutanen Kumasi ke kira aboboya. Albasar Galmi da ke zuwa Kwadaso, da tumatirin Burkina Faso, da doya da masarar Techiman, da goro da gishiri da ke hawa arewa, duk a bayan mota suke tafiya ta Kintampo da Tamale da Bolga. Kuma ƙa'idar nan biyu da ke riƙe da jirgi a sama, wato yawan nauyi da wurin da aka ajiye shi, su ne dai ke riƙe da mota a kan kwalta.

Motar da aka yi wa tozon kaya har ya ninka tsawon bodinta, cibiyar nauyinta ta hau sama, shi ya sa da an shiga kwana ko taya ɗaya ta faɗa rami sai ta kwanta. Wadda aka tara wa kaya a baya, tayoyin gaba ba sa kama ƙasa sosai, sitiyari ya zama ba ya jin magana. Wadda kuma aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta, birkinta kan yi zafi a gangara ya daina kamawa, taya ta fashe. Mun san cewa wasu masu motoci kan kai su wurin makera a ƙara sifirin, a ƙara tsawon bodi, don ta ɗauki ƙarin buhuna. Sifirin zai hana mota durƙushewa, amma birkin da kamfani ya sa mata yana nan yadda yake, kuma shi ne zai tsayar da wannan ƙarin nauyi idan yaro ya gitta.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi wa hanya, wadda kowa ke biya. Wani babban gwaji da injiniyoyi suka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, lalacewar da yake jawo wa kwalta takan ninka kusan sau 16. A kan wannan ne ƙungiyar ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa ta UEMOA ta kafa dokarta mai lamba 14 a watan Disambar 2005, wadda ta tsayar da tan 11.5 a matsayin iyakar layin taya ɗaya, ita ma ƙungiyar ECOWAS ta amince da makamanciyarta a 2012. Bisa wancan lissafi, layin tayar da ke ɗauke da tan 15 yana cin hanya kusan ninki uku na wanda ya tsaya a kan doka. Kada kuma wani ya ɗauka ficewar Nijar da Burkina Faso da Mali daga ECOWAS a watan Janairun 2025 ta soke wannan ƙa'ida, domin ƙasashen uku suna nan cikin UEMOA, a Ghana kuma Hukumar Manyan Hanyoyi tana da tashoshin awon motoci a kan hanyar arewa. Ramin da obalodi ya haƙa bara, shi ne ke karya motar wani bana, albasa ta kwana uku a daji ta ruɓe.

Ba za mu rufe ido daga uzurin 'yan kasuwa da direbobi ba. Kuɗin mota ya yi tsada, man dizal ya yi tsada, ga shingayen jami'ai da ke tsakanin iyaka da kasuwa, inda kowanne sai an ajiye wani abu kafin a wuce. Tunda kuɗin dako da buhu ake lissafa shi, mai mota yana son ƙarin buhu, ɗan kamasho yana son ƙarin buhu, direba da yaron mota ma wani lokaci abin da suka ɗora a kan lodi shi ne ribarsu, domin albashinsu bai taka kara ya karya ba. Wannan duk gaskiya ne. Amma idan mota ta kife, ɗan kamasho ya riga ya karɓi lada ya koma gida, jami'in da ya karɓi na goro ya ɗaga shinge ba wanda zai tambaye shi. Mai kaya ne ke rasa jarinsa, sau da yawa ma jarin na bashi ne, direba da yaransa da fasinjojin da suka hau saman kaya kuma su ne ake kwasowa zuwa asibitin Komfo Anokye da ke nan Bantama, in an yi sa'a da rai. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Mutanen Senegal sun ɗanɗana irin wannan a ruwa ranar 26 ga Satumbar 2002, lokacin da jirgin ruwan Joola ya kife ɗauke da ninkin-ba-ninkin adadin mutanen da aka ƙera shi dominsu, fiye da mutum 1,800 suka halaka, cikinsu har da mata 'yan kasuwa masu kai kaya Dakar.

Mukan ji wasu na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma malamanmu sun sha faɗa mana cewa dogaro ga Allah ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa. Wanda ya san mota ta tan 30 ce ya ɗora mata 45, ba shi da bakin ɗora wa ƙaddara laifi.

Saboda haka muna kira da a ɗauki matakai kamar haka. Na farko, duk ɗan kasuwar da zai hau jirgi, musamman ƙanana, ya faɗi gaskiyar nauyin kayansa, kada ya ɓoye kaya masu nauyi a jakar hannu, kada ya nemi wani ma'aikaci ya rufa masa asiri da ɗan abin goro, domin lambar da aka rubuta a takarda ita matuƙi zai yi lissafi da ita. In an ce ya sake kujera, ya sake ba gardama. Na biyu, ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan goro da 'yan hatsi su haɗa kuɗi su sayi sikeli a kowace tashar lodi, a auna buhuna kafin su hau mota, a rubuta jimilla a takarda mai kwafi biyu, ɗaya a hannun direba, ɗaya a hannun mai kaya, kamar yadda ba a barin jirgin fasinja ya tashi sai matuƙi ya amince da takardar lodi. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan fage kimar ido ta sha kai mutane kabari.

Na uku, shugabannin ƙungiyar direbobi ta GPRTU da sarakunan tasha su koya wa 'yan dako da yaran mota tsarin lodi: kaya masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, marasa nauyi a sama, dama da hagu su yi daidai, a ɗaure da igiya yadda kaya ba za su zame ba in an taka birki, kuma a daina ɗora mutane a kan kaya. Direban da ya ce lodi ya isa, a bar maganarsa ta zama ta ƙarshe, kada mai mota ya kore shi ya ɗauko wani mai ƙarfin hali. Na huɗu, Hukumar Manyan Hanyoyi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa su tabbata sikelin da ke tashoshinsu yana faɗin gaskiya, a sauke kayan da suka haura maimakon a karɓi tara a bar mota ta ci gaba da tafiya da su, sannan gwamnatocin yankin su rage shingayen da ke tilasta wa mutane neman ƙarin buhu don cike giɓi. Dokar da ake yi wa wani a kyale wani, ba wanda zai girmama ta.

Daga ƙarshe, muna roƙon sarakunan zango da limamai da gidajen rediyonmu na Hausa da su sa wannan magana a cikin huɗuba da shirye-shiryensu, musamman gab da lokacin kakar albasa da bukukuwan salla, lokacin da lodi ya fi yawa kuma kowa ke gaggawa. Buhu goman da aka bari a tasha za su bi motar gobe su iso kasuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa albarka a cikin nemanmu.